Tarihin Motar Beetle: Garin da Ake Taruwa Don Tsofaffinta a Jamus, da Yadda Tamu Ta Ƙare a Legas



Duk wanda ya taɓa hawa mota daga Mile 2 zai tafi Alaba Rago ko Okokomaiko, ya san akwai inda kwandasta yake ƙwala kiran "Volks! Volks!" kafin a kai Iyana Iba. Yawancin samarinmu da suke sauka a nan sun ɗauka sunan unguwa ne kawai. Alhali sunan kamfanin mota ne, Volkswagen, wanda ya kafa masana'antarsa a wurin, aka riƙa harhaɗa motar nan mai doro da Turawa suke kira Beetle, Yarbawa kuma suka laƙaba mata Ijapa, wato kunkuru. A yau sai mutum ya yi wata guda yana yawo a Legas bai ga ko ɗaya tana tafiya ba. A ƙasar da aka haife ta kuwa, akwai garin da ake rufe tituna kwana biyu zuwa uku saboda ita.

Sunan garin Hessisch Oldendorf. Ƙaramin gari ne a arewacin Jamus, kusa da birnin Hameln, a gefen kogin Weser, mutanensa ba su kai dubu 20 ba. Duk bayan shekara huɗu, a watan Yuni, masu sha'awar tsofaffin motocin Volkswagen sukan yi masa tsinke daga ƙasashen duniya. Na kusa, irin su mutanen Holan da Baljiyam da Ingila, sukan tuƙo nasu a jere kamar ayari, suna tafe a hankali domin motocin ba sa son gudu. Na nesa kuma sai a ɗauko motar a jirgin ruwa, mai ita ya biyo jirgin sama. Taron da ya kamata a yi a 2021 annobar korona ta sa aka ɗaga shi zuwa 2022. Akwai kuma wani taron da ya girme shi, a garin Bad Camberg da ke tsakanin Frankfurt da Limburg, wanda wani dillalin Volkswagen na garin ya faro a 1979, shi ma duk shekara huɗu. Tarukan biyu ba sa haɗuwa a shekara ɗaya.

Abin da ya bambanta waɗannan tarukan da sauran bukukuwan mota shi ne tsananin ƙa'ida. Ba kowace Beetle ake bari ta shiga fili ba. An ƙera wannan mota fiye da miliyan 21, amma wadda ake nema a nan ita ce ta farko-farko, wadda aka yi daga kafin yaƙin duniya na biyu zuwa 1957. Wanda ya zo da ƙirar 1975, komai kyanta komai ƙyallin fentinta, sai ya ajiye ta a bayan gari ya tako da ƙafa ya yi kallo.

To me ya sa 1957? Amsar tana gilashin baya. Motocin farko gilashin bayansu ɗan ƙarami ne, kuma an raba shi biyu da ƙarfe a tsakiya, domin a lokacin lanƙwasa gilashi yana da tsada, sai aka sa ƙanana biyu masu faɗi. Jamusawa suna kiran wannan ƙirar da sunan wani burodinsu da ake murɗawa mai kafofi. A watan Maris na 1953 aka cire ƙarfen tsakiyar, gilashin ya zama guda ɗaya mai siffar ƙwai. A watan Agusta na 1957 kuma aka faɗaɗa shi ya zama babba mai kusurwa huɗu, irin wanda iyayenmu suka sani. Saboda haka masanin abin ba ya tambayar shekarar mota, zagawa baya yake yi ya duba.

Kuma ba gilashin kaɗai ba. Tsohuwar Beetle ba ta da fitilar sigina irin ta yanzu. Idan direba zai karya kwana, wani ɗan hannu ne mai fitila yake fitowa daga jikin ginshiƙin ƙofa ya miƙe, kamar ɗan sanda yana ba da hannu. Ba ta da agogon mai. Idan mota ta fara shiƙa a kan hanya, direba ya san mai ya ƙare, sai ya sa ƙafa ya juya wani ɗan ƙarfe da ke ƙasa kusa da kuloci, ragowar lita biyar ta sauko ta kai shi gidan mai. Wanda ya manta bai mayar da ƙarfen ba bayan ya sha mai, to ranar da mai ya sake ƙarewa sai turi. Tankin kansa a gaba yake, sai an ɗaga murfin gaba ake zuba mai, tun da inji yana baya. Ƙaramar ƙirar, wadda aka yi wa talaka, birkinta na waya ne kamar na keke, giyarta kuma ba ta shiga sai an taka kuloci sau biyu. Injin farko ƙarfin doki 25 ne kacal, a 1954 aka ƙara shi zuwa 30. Waɗannan abubuwa da a da ake ganin naƙasu ne, su ne yanzu mutane suke durƙusawa suna ɗaukar hotonsu.

A taron Hessisch Oldendorf akan ga motocin da ko a gidan tarihi ba kasafai ake ganinsu ba. Akwai wadda kamfanin Hebmüller ya riƙa gyarawa ta zama mai buɗaɗɗen sama mai kujera biyu. Gobara ta ci masana'antar a 1949, kamfanin ya durƙushe bayan 'yan shekaru, don haka waɗanda aka yi gaba ɗaya ba su kai 700 ba. Akwai bas ɗin nan mai tagogi 23 da ake kira Samba, wadda aka taɓa sayar da irinta a gwanjo a Amurka sama da dala 200,000. Akwai ma ɗaya daga cikin motocin gwaji na 1938, wadda aka gano gangar jikinta a ƙasar Lituweniya an yi mata kwaskwarima da kayan wata mota ta Rasha, wani iyali na garin masu tara irin waɗannan motoci suka sayo ta suka mayar da ita kamanninta na asali. Abin da ya fi jan 'yan kallo kuwa shi ne lokacin da motocin soja masu iyo, waɗanda ake kira Schwimmwagen, suke gangarawa cikin kogin Weser da mutane a ciki, a sauke farfela ta baya, mota ta koma kwalekwale.

Wannan motar sojan ita ce ta kawo mu ga asalin labarin, kuma asalin ba mai daɗi ba ne.

A 1934 gwamnatin Hitler ta ba injiniya Ferdinand Porsche aikin zana "motar jama'a", wanda shi ne ma'anar kalmar Volkswagen. Sharaɗin shi ne ta ɗauki manya biyu da yara uku, ta yi gudun kilomita 100 a awa, kuma kada kuɗinta ya kai mak 1,000, kuɗin Jamus na lokacin. Aka tsayar da farashi a mak 990. Tunanin ƙaramar mota mai inji a baya ba Porsche ne kaɗai yake da shi ba. Kamfanin Tatra na ƙasar Cek yana da irinsa, har daga baya aka yi shari'a Volkswagen ya biya diyya. Akwai kuma wani injiniya Bayahude, Josef Ganz, wanda ya daɗe yana kiran a yi irin wannan mota a mujallarsa, amma aka kama shi a 1933, ya bar ƙasar, ya mutu a Ostareliya a 1967 ba tare da an san shi ba.

Ranar 26 ga Mayu 1938 Hitler ya aza harsashin masana'antar a kusa da Fallersleben, aka kuma fara gina sabon gari domin ma'aikata. Sai aka fito da wani tsari mai kama da adashi: kowane mako mutum ya sayi kan sarki na mak 5 ya manna a kati, in ya cika a ba shi mota. Mutane wajen 336,000 suka shiga. Ko mutum ɗaya daga cikinsu bai karɓi mota ba. Yaƙi ya ɓarke a watan Satumba na 1939, masana'antar ta koma ƙera kayan soja. 'Yan ɗaruruwan Beetle ɗin da aka yi a lokacin manyan jam'iyya da jami'an gwamnati aka raba wa. Masu adashin suka kai ƙara bayan yaƙi, aka yi ta jan shari'a har 1961, sannan aka sasanta: wanda ya cika zubinsa ko dai a rage masa mak 600 a kuɗin sabuwar mota, ko a ba shi mak 100 a hannu. Talaka dai ko a Turai talaka ne.

A kan shasin Beetle ɗin aka gina motocin soja biyu, Kübelwagen wajen 50,000, da mai iyon nan wajen 14,000. Waɗanda suka ƙera su kuwa galibi ba da son ransu ba ne. Kimanin mutum 20,000 aka sa aikin tilas a wannan masana'anta, fursunonin yaƙi da mutanen da aka kwaso daga Folan da Tarayyar Sobiyat, da waɗanda aka ɗebo daga sansanonin gwale-gwale. Matan da suka haihu ana karɓe jariransu a kai wani gida a ƙauyen Rühen, inda fiye da 300 suka mutu saboda rashin kulawa. Likitan da ke kula da gidan Turawan Ingila suka yanke masa hukuncin kisa. Sai a shekarun 1980 kamfanin ya ɗauki masanin tarihi Hans Mommsen ya binciki wannan lamari, littafinsa ya fito a 1996, daga baya aka ware wuri a cikin masana'antar domin tunawa da mutanen. A ganina duk mai tafa wa motar da ke iyo a kogi ya kamata ya san hannun wa ya ɗaure kusoshinta.

Da yaƙi ya ƙare a 1945, masana'antar ta sha ruwan bama-bamai, rufinta duk a ɓule. Aka sauya wa garin suna zuwa Wolfsburg, yankin kuma ya faɗa hannun sojan Ingila. A watan Agusta aka turo wani matashin hafsa, Manjo Ivan Hirst, mai shekara 29, ya kula da wurin. Shi ne ya samo wata Beetle da ta tsira, ya sa aka yi mata fenti kore irin na soja, ya aika da ita hedikwata. Sojojin suna fama da ƙarancin abin hawa, sai suka ba da odar guda 20,000. Wannan oda ita ta hana a kwance injinan masana'antar a raba a matsayin ganimar yaƙi. A ƙarshen Disamba 1945 aka fara ƙerawa, a 1946 aka yi wajen 10,000, ga yunwa, ga sanyi, ga rashin ƙarfe da gawayi. Masu kamfanonin mota na Ingila sun zo sun duba, suka ce ba ta yi musu ba, ga muni ga ƙara. Kamfanin Ford ma an yi masa tayi a 1948 bai karɓa ba. A farkon wannan shekarar aka naɗa Bajamushe Heinrich Nordhoff ya shugabanci kamfanin, a watan Oktoba na 1949 kuma Ingila ta miƙa shi ga hukumomin Jamus.

Daga nan abu ya yi ta bunƙasa. Wani ɗan kasuwa mutumin Holan, Ben Pon, shi ne ya fara fitar da ita waje a 1947, shi ne kuma ya zana hoton bas a ɗan littafinsa, wadda aka fara ƙerawa a 1950, kakar danfo ke nan. A 1949 guda biyu rak aka sayar a Amurka. Ranar 5 ga Agusta 1955 aka yi bikin cika miliyan ɗaya. Ranar 17 ga Fabrairu 1972 ta wuce Ford Model T, ta zama motar da aka fi ƙerawa a duniya. An daina yin ta a Wolfsburg a 1974, a Jamus kuma a 1978 in ban da mai buɗaɗɗen sama da ta ɗan ƙara lokaci, amma aka ci gaba a Birazil da Meziko. Ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla ranar 30 ga Yuli 2003, ita ce ta 21,529,464.

Mu dawo gida. Tun kafin samun 'yancin kai kamfanin Mandilas yake shigo da Volkswagen Najeriya. Abin da ya sa ta karɓu ba boyayye ba ne. Ba ta da lagireto, iska ce take sanyaya injinta, don haka ba ruwan direba da neman ruwa a hanya ko tafasar inji. Nauyin inji yana kan tayoyin baya, shi ya sa take fita daga yashi da taɓo inda manyan motoci suke kafewa. Ƙasanta a shafe yake, ba abin da dutse zai kama. Kusoshi huɗu ne suke riƙe da injin, bakanike da yaronsa sukan sauke shi a gindin bishiya kafin azahar. Malaman makaranta da ma'aikatan jinya da ƙananan ma'aikatan gwamnati, ita ce motarsu ta fari.

A farkon shekarun 1970, da kuɗin man fetur ya shigo, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin waje su zo su harhaɗa mota a nan. Peugeot, wato Fijo, ya tafi Kaduna, Volkswagen ya zauna a Ojo, duka biyun suka fara aiki a 1975. Daga baya aka samu na manyan motoci: Leyland a Badun, Marsandi a Inugu, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano. Lokacin ya zo daidai da ƙarin albashin Udoji, ma'aikata suka samu kuɗi a dunƙule, ga kuma bashin mota da gwamnati take bayarwa. Ban da Beetle, a Ojo an harhaɗa Kombi da Passat, da wata da aka ɗauko ƙirarta daga Birazil aka sa mata suna Igala.

Sai dai akwai rauni tun daga tushe. Abin da ake yi harhaɗawa ne, ba ƙerawa ba. Inji da giya da yawancin bodi a cikin akwatuna suke zuwa daga waje, kuma da kuɗin waje ake biya. Masana'antar ƙarfe ta Ajakuta da aka sa rai za ta ciyar da su ba ta taɓa kammaluwa ba. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, samun lasisin shigo da kaya ya yi wuya. A 1986 aka shigo da tsarin SAP, darajar naira ta zube, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai kasuwa ta koma ga motocin gwanjo na Turai, waɗanda nan kudu ake ce wa tokunbo, a arewa kuma Baljiyam. Aiki ya yi ta ja da baya a Ojo har ya tsaya, daga baya aka sayar da wurin ga 'yan kasuwa. Sunan tashar ne ya rage, sai kuma danfo, wadda yawancinta har yau Volkswagen ce ƙirar shekarun 1980.

Ina dubban Beetle ɗin da suka cika titunanmu? Wannan tambaya mu ya fi dacewa mu amsa, domin sana'ar gwangwan a Legas da Badun da Fatakwal galibi a hannun 'yan uwanmu take. Mota ta yi shekara goma a bayan gida, kaji suna ƙwai a cikinta, mai ita ya rasu, magada su kira ɗan gwangwan. A yi ciniki, a kawo mai walda ya yanka, ƙarfe ya hau sikeli, injin a ware shi daban tun da ba baƙin ƙarfe ba ne, a loda zuwa kamfanonin narka ƙarfe na Ikorodu ko Ogijo, ta dawo rodin gini. Ba laifin kowa ba ne, neman halal ne, kuma ruwan sama da iskar teku ta Legas sun riga sun cinye yawancinsu kafin a zo. Bature yana da gareji mai rufi da rarar kuɗi da zai kashe wa motar da ba ta kawo masa ko sisi. Tsohuwar motar da kowa ya san an adana a Legas ita ce Marsandin da aka harbe Janar Murtala a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976, tana gidan tarihi na Onikan, ita ma ba don ƙirarta aka ajiye ta ba.

Gaskiyar magana, waɗanda aka harhaɗa a Ojo ba za su shiga filin Hessisch Oldendorf ba, sun yi ƙuruciya. Darajarsu ta tarihinmu ce, domin shaida ce cewa an taɓa ɗaura mota a ƙasar nan. Amma waɗanda aka shigo da su a shekarun 1950 lissafinsu daban ne, kuma ba abin mamaki ba ne a ce akwai 'yan tsiraru da suka rage a tsofaffin gidaje ko harabar mishan. Ko ruɓaɓɓiya ce, ɗan hannun siginarta da sitiyarinta da agogon gudunta da murfin injinta abubuwa ne da masu gyara irinta suke nema ido rufe, a kasuwar kayan gyara da ake ci a gefen taron.

Gane ta ba wuya. A fara duba gilashin baya, in ɗan ƙarami ne mai siffar ƙwai ko rababbe biyu, a dakata da yanka. A duba ginshiƙin da ke bayan ƙofa ko akwai ramin ɗan hannun sigina. Sitiyarinta zai fi yiwuwa yana dama, domin Najeriya ba ta koma tuƙi a hannun dama ba sai ranar 2 ga Afrilu 1972. Sannan a ɗaga kujerar baya, lambar shasi tana nan a buge a kan ƙarfen tsakiya, akwai kuma ɗan faranti mai ɗauke da ita a gaba, bayan safaya. Da wannan lamba ake rubuta wa ma'ajiyar tarihin kamfanin a Wolfsburg, a biya kuɗi, su aiko da takardar da ke nuna ranar da aka ƙera motar, da launin fentinta na asali, da ƙasar da aka fara aika ta.